Takardar Notis Zuwa ga Alhaji Tumbi

Zuwa ga Alhaji Tumbi,
mazaunin tsakanin ƙirjina da mazagin wandona.

Bisa al'ada da tambayar lafiyarka ya kamata in fara, amma na tsallake, tunda kullum muna tare kuma ina gani da idona sai ƙara sheƙi kake yi. Ni ne dai ba lafiya.

Ranka ya daɗe, a matsayina na mai gida na rubuto. Shekara 11 ke nan da ka tare, wata shida bayan aurena, ba dillali, ba shaidu, ba ko kwabon haya. Ɗan lungu ka roƙa a ƙasan cibiya. Da yake an ce baƙo raɓa ne, na ce a bar shi, hantsi na dubawa zai bushe. Ashe da tubalinka ka zo. Yau ka cinye tsakar gida, ka haɗa da zaure, ka turo katanga har bakin titi. Rabona da ganin yatsun ƙafata a tsaye tun kafin zaɓen 2019.

Ba zan ci amanarka ba, ka jawo mini girma. Albarkacinka masu gadi ke ce mini Alhaji, alhali filin jirgin Malam Aminu Kano rakiya kawai ke kai ni. A wurin ɗaurin aure kai ake gani a taso daga kujerar gaba a ba ni, maroƙa kuma su yi ta zuba mini kirarin da ko kakana bai ji irinsa ba. Sai dai girman nan naka da tsada yake. Ina shiga Kantin Kwari, mai shago zai dube ka, ba ni ba, ya ƙara wa shadda kuɗi. Tela da yake ɗinka mini kaftani da yadi huɗu yanzu ya rantse sai biyar. 'Yan'uwa kuwa in na ce musu albashi bai shigo ba, sai su saukar da ido kanka su yi murmushi. Shaidar zur kake yi mini, Alhaji, kuma kowa ya fi yarda da kai.

Duk wannan da na ci gaba da haƙuri, ba don abin da ya faru a asibiti ba. Ciwon kai ne ya kai ni, sai ga likita ya zaro tef irin na tela ya zagaye ka. Santimita 106. Ya ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙugun namiji in ya wuce 94 an fara shiga hatsari, in ya wuce 102 an yi nisa a ciki. Ya kuma tona maka asiri: wai kitsen da nake mintsina da yatsa ɗan aike ne kawai, manyan suna can ciki sun naɗe hanji da hanta, su ne ke buɗe wa ciwon suga da hawan jini ƙofa. Wato ba kai kaɗai ba ne a gidan, har 'yan haya ka zuba ban sani ba. Maganin da ya rubuta ba na kemis ba ne: motsa jiki minti 150 a mako, gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da na cikin dunƙulen miya.

Ka san abin da ya biyo baya, ai da kai aka yi. Na je Ƙofar Wambai na sayo kambas na gwanjo. Washegari ana sallame sallar asuba na ɗaura, na fita da gudu cikin unguwa. Ban kai kwanar farko ba mai shayi ya ajiye butarsa yana kira, "Alhaji, lafiya? Wa ya rasu?" Wani bawan Allah da ya fito daga masallaci bai tsaya tambaya ba, ya tattare riga ya rufa mini baya, sai da muka yi nisa ya ce cikin haki, "Wai me ya biyo mu?" A unguwarmu magidanci ba ya gudu sai da dalili, kuma dalilin ba ya zama alheri. Daga ranar na koma Filin Sukuwa, inda mutum zai yi gudunsa ba wanda zai yi masa jaje.

A can ne na gane ba tafiyarmu ɗaya ba. In na yi sama ka yi ƙasa, in na sauko ka taso, kamar na ɗaura tulu a gaba. Kilomita biyu nake yi da kyar in nemi gindin bishiya. Wani matashi da muke haɗuwa, siriri kamar karan dawa, shi ya ba ni labarin Eliud Kipchoge, mutumin Kenya da ya yi gudun kilomita 42 a birnin Viyana a 2019 cikin awa ɗaya da minti 59 da daƙiƙa 40. Kusan daga Kano zuwa Wudil fa ke nan, a ƙafa. Na ce Allah ya ƙara masa lafiya, amma a ɗaura masa kai a gaba tukuna, sannan mu yi magana.

Lissafin da ya karya mini gwiwa shi ne wannan. Kilo ɗaya na kitse yana riƙe da kalori wajen 7,700. Mai nauyina, kilo 96, abin da yake ƙonawa a gudun kilomita ɗaya bai kai kalori 100 ba. Wato kafin in rage ka da kilo ɗaya tak, sai na je Wudil ɗin nan da gudu na kuma dawo. Kai kuwa ba ka bukatar zuwa ko'ina. Mai ƙosai tana nan a hanyar komawa gida, ƙamshin yana tare ni tun daga nesa, kuma ƙosai bakwai da kofin koko mai suga sun isa su mayar maka da duk abin da na ƙwace da safen.

Wayata ma ta shiga cikin maganar, wai sai na yi taku 10,000 a rana. Daga baya na ji asalin adadin nan tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fito da ita a Japan a 1965. Sau ɗaya na taɓa cika shi, ranar da na shiga adaidaita sahu muka bi wata hanya mai ramuka. Wayar har taya ni murna ta yi.

Batun rage ci kuwa, nan na san kana da mutane. Na yi sati uku ina shan ruwan ɗumi da lemon tsami, haƙorana suka mutu, kai ko gezau. Na koma kwaɗon zogale, sai uwargida, don tausayi, take dambara masa ƙuli-ƙuli da mai har ya fi tuwon nauyi. Da na ce a rage mini malmala, ta yi kwana biyu tana amsa mini magana da "to". Amma babbar lauyarka ita ce Hajiya, mahaifiyata. Ranar da na je gaishe ta bayan na sauke kilo biyu, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kai kuwa ciwo kake yi, ko bashi ya yi maka yawa?" Kafin magariba ga kwanon dambu da kwalbar man shanu an aiko. Wa ya isa ya mayar wa mahaifiyarsa kwano da abinci a ciki? Na cinye. Kilo biyun suka dawo da rakiyar na uku.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan takarda ya faru ne a hutun Sallah, da yara suka matsa sai na kai su hawan Dala. Dutsen da labari ya ce Barbushe ya zauna a kai, mutumin da yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Ni ba giwa na ɗauko ba, kai kaɗai ne, amma sau uku ina tsayawa a matattakala, ina nuna wa yara hasumiyoyin Masallacin Juma'a kamar mai koyar da tarihi, alhali numfashi nake nema. Su tuni sun kai sama. Ƙaramar, 'yar shekara shida, ta sauko ta kama hannuna ta ce, "Baba, in riƙe maka cikin?" Kowa ya yi dariya, har ni. Da daddare ban yi dariya ba. Na tuna yadda ruku'u ya fara zame mini aiki, da yadda nake neman kujera kafin in ɗaura igiyar takalmi, ni da ban cika 45 ba.

Na sani za ka ce ba kai ka kawo kanka ba. Gaskiya ne, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya ya kai ni teburin mai tsire ƙarfe 11 na dare, kuma lemon kwalba da nake korawa da shi, mai cokalin suga kusan tara, da kuɗina nake saya. Shi ya sa ba zan kai ka kotu ba, sulhu nake nema.

Ba na ce ka kwashe kayanka gaba ɗaya ba. Ka riƙe ɗan lungun da ka fara roƙa, ko don hankalin Hajiya ya kwanta, babbar riga kuma ta samu abin zama. Santimita 12 kawai nake so ka mayar mini, daga 106 zuwa 94, kuma na ba ka daga yau zuwa Babbar Sallah. Na san lokacin layya ka fi ƙarfi, shi ya sa nake so a gama kafin a yanka rago. A nawa ɓangaren, na canza hanyar komawa gida, ba ta bi ta gaban mai ƙosai.

Gobe ƙarfe shida na safe akwai zama a Filin Sukuwa. Ba sai na turo mota ba, na san kai za ka riga ni shiga ƙofa.

Naka, mai ɗauke da kai,
Mai Gida.