Zanen Maza da Lalitarsa

Na ga ka taɓe baki tun kafin in buɗe nawa. Hoton ka gani, ko? Ƙato guda, gemu buzu-buzu, ya ɗaura zane iya gwiwa, ga wata jaka tana reto a gabansa. Ka ce, "Wannan ai siket ɗin 'yan firamare ne." Sassauta murya, malam, mutumin nan akwai wuƙa soke a safarsa. Sunan zanen kilti, na mutanen tsaunukan Sikotilan ne, kuma cikakkensa yadi 8 ne na ulu, an yi masa ninki-ninki ta baya. Kai da kake wuni kana jayayya da tela a kan yadi biyar, da wane bakin za ka raina shi?

Kuma kafin ka sake cewa siket: a 1746, bayan an murƙushe tawayen mutanen tsaunin a yaƙin Kuloden, majalisar Birtaniya ta kafa dokar hana sa wannan tufa. Kamun farko ɗaurin wata shida, na biyu a kore ka ƙetare shekara bakwai. Sai 1782 aka soke dokar. Ka taɓa jin inda gwamnati ta tsorata da siket?

Ka ce, "To na ji. Amma yadi takwas babu aljihu ko ɗaya? Tela ya cuce su." Ba ruwan tela. Asalin abin mayafi ne dogo wanda ake naɗewa a jiki a ɗaure da ɗamara, kuma ko na yanzu da ake ɗinkawa, in ka cusa masa aljihu ka cika da kaya, ninkin nan ya tashi daga aiki. Shi ya sa aka rataya aljihun a waje. Sunansa siforan, kuma a harshensu na Gelik ba ya nufin komai illa jakar kuɗi. Lalita ke nan, ba sai an kira tafinta ba.

Yanzu za ka ɗaga hanci ka ce namiji ba ya rataya jaka. Haba! Wanzamin da ya yi maka aski ran suna, a me ya ɗauko askarsa in ba zabira ba? Malamin da ya biya maka allo, gafakar tasa ta matarsa ce? Kai, bari in zo kanka, Alhaji. Ranar da ka ɗaura harami, ƙyalle biyu ba ɗinki, a ina ka adana riyal ɗinka? Ba a bel mai zif ba? Da ɗan Sikotilan ya hango ka a Mina sai ya ce ya ga ɗan'uwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne girman abin. Cikin siforan bai wuce tafin hannu a buɗe ba. Ka ce, "Kayana ai kaɗan ne, duk za su shiga." Kaɗan? Zazzage aljihunka mu gani. Waya biyu, ɗaya ta kira ɗaya ta WhatsApp. Caja. Goro ɓari uku, ɗaya ya bushe tun azumi. Asuwaki, carbi, katin ɗaurin auren da aka yi bara har an yi suna, da tarin makullai goma sha wani abu waɗanda rabinsu ƙofofinsu sun daɗe da rubewa. Wannan ba siforan yake nema ba, amalanke yake nema.

Masu sa kilti sun daɗe da sanin dabarar. Ba a ɗaukar walat gaba ɗaya. A zare katin banki, a ninke takardun kuɗi biyu ko uku, shi ke nan. A ɓalle makullin gida da na mota daga cikin garken. Waya ta kwanta ta baya, ɓangaren da ke jingine da jiki, saboda shimfiɗaɗɗiya ce, makulli kuma a naɗe shi a hankici ya zauna ta gaba, kada ya karce gilashi, kada kuma ka riƙa ƙara kamar akuya mai ƙararrawa. Babban maƙiyi shi ne sulalla. Can canji da tsaba ake bayarwa, kuma tsabar fam nauyi gare ta. Sayi shayi sau uku, ka ji jaka ta fara rinjayar ka.

Ka ce, "Nauyin 'yan kwabbai har wani abu ne?" Ɗan'uwa, ka duba hoton da kyau, ka ga daidai inda jakar take sauka. Ni kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Amma cika ta da ƙarfe, ka kwasa da gudu za ka tari bas a titin Edinbara, in ka dawo sai ka ba mu labari da bakinka, in muryar ta fita.

Don haka ratayar ma da ƙa'ida: kamar faɗin tafin hannu ƙasa da kan bel. In ta yi ƙasa sai dukan cinya, in ta yi sama sai ta haye tumbi ta zauna kamar hakimi. Masu gudun asara sun fi son igiyar fata a kan sarƙa, don sarƙa tana cin ulu a hankali. In za a tuƙa mota, ko kaɗa ganga, ko a kama mace a shiga rawar biki, sai a murɗa jakar ta koma kwankwaso. Tana da wani aikin kuma wanda ba a cika faɗa ba: ƙasar iska ce, kuma nauyin jakar ne ke danne zanen ta gaba. In mutum ya zauna ma ita ke rufa masa asiri. Kana dariya? Kai ma ka taɓa hawa babur da jallabiya, mun gani.

Ka ce a ba ka babbar, mai gashi da bakin azurfa, irin ta angwaye. Na san za ka faɗi haka, mai son a sani. To, cikinta bai taka kara ya karya ba. Ta fata zalla, wadda ake sawa da rana, ta fi ta ɗaukar kaya. Doguwar nan ta gashin doki kuwa, da masu busa algaitar salka ke ratayawa har gwiwa, aljihunta ɗan mitsitsi ne, ado ne tsagwaronsa. Ka san irin mutumin: malum-malum har ƙasa, a taɓa aljihu a ji iska. Wanda ya sa ta biki sai ya rarraba sauran kayansa a aljihun kwat.

"Ɓarayi fa?" Wane ɓarawo ne zai miƙa hannu nan wurin, a gaban idonka? Amma da yake mutum ba ya rasa zargi, akwai wani bakin siforan na ƙarni na 18 a gidan tarihin ƙasa da ke Edinbara, wanda aka ɓoye 'yan ƙananan bindigogi a cikinsa, su tashi in an buɗe ba bisa ƙa'ida ba. Marubuci Walta Sikot ya sa irinsa a littafinsa Rob Roy. Ni dai abin da ke damuna shi ne ranar da mai jakar da kansa zai manta ƙa'idar, alhali tana rataye inda take rataye.

Ka ce su huta mana, su ɗinka aljihu kawai. An riga ka. Kamfanin Utilikilts na Siyatil a Amurka yana ɗinka kilti mai manyan aljihuna a gefe, masu riƙon gargajiya kuma suna yi masa irin kallon da kakanka zai yi wa babbar riga mai zif.

Tsaya, wayarka ce ke ƙara? Ɗauka mana. A'a, ba wannan aljihun ba, wancan na goro ne. Laluba na wando. Ɗage rigar tukuna. Af, ta katse.