Sababbin hannu a layin harbin idon sa

A Amurka akwai wani tsohon wasan harbi da ƙaramar bindiga da suke kira bulzai, wato idon sa. Wanda ya hango shi daga nesa sai ya ce ba wasan da ya kai shi sauƙi. Mutum ne tsaye ƙyam, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan a miƙe da bindiga, yana saita takarda mai nisan yadi 50, kusan rabin filin ƙwallo. Da'irar maki goma faɗinta inci 3.36 ne, kamar bakin kofin shayi, a tsakiyarta kuma akwai wata 'yar da'ira mai alamar X da ba ta fi ƙwan kaza faɗi ba, wadda da ita ake raba gardama in maki ya zo ɗaya. A nan ana yin harbi goma cikin minti goma. Daga nan sai a matso da takardar yadi 25, a yi harbi biyar cikin daƙiƙa 20, sannan biyar cikin daƙiƙa goma. Cikakkiyar gasa harbi 270 ce, maki 2700, kuma har yau ba mahalukin da ya taɓa cike ta. Wanda ya fi kowa matsowa shi ne Hershel Anderson, sojan Amurka, da ya ci 2680 a 1974.

Duk shekara sababbin mutane na shigowa, galibi ta ƙananan gasannin hunturu da ake yi cikin ɗaki a nisan ƙafa 50. Tsofaffin hannu kuwa tun daga bakin ƙofa suke gane kowa.

Mai akwati shi ne ya fi saurin ganuwa. Bai taɓa huda takarda ba, amma ya riga ya kammala sayayya. Cikakkiyar gasar kashi uku ce, kowanne harbi 90: na farko da bindiga mai ƙaramin harsashin .22, na biyu da mai harsashin da ya kai .32 ko ya fi, na uku da .45. Mafi yawan 'yan wasa biyu suke riƙewa, su yi kashi biyu na ƙarshe da .45 ɗin, wadda kusan kullum samfurin 1911 ce da John Browning ya ƙera. Shi kuwa mai akwati uku ya saya, cikinsu har da Pardini 'yar Italiya. Akwatinsa in ya buɗe sai murfin ya tashi da madubin hangen nesa a maƙale, aljihu bisa aljihu kamar kayan lefe. Gefensa wani dattijo na tsaye da tsohuwar Ruger mai arha, irin gidan da suka fara fitowa tun 1949, duk fentinta ya koɗe. In aka je ƙirga maki, dattijon na da 92 cikin ɗari, mai akwati na neman ramukansa biyu da suka ɓata gaba ɗaya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A mako na gaba sai a gan shi da sabon mariƙi da aka sassaƙa daidai tafin hannunsa, domin ya gano cewa matsalar daga mariƙi take.

Mai jiran gawon shanu ya fi ban tausayi, don shi da gaske yake. Ya ɗaga bindiga, ya ga saitin yana yawo cikin baƙin da'irar, sai ya ce bari ya tsaya tukuna. Saiti kuwa ba ya tsayawa a hannun ɗan Adam, ko da na zakaran duniya ne. Littafin koyarwa na rundunar gwanayen harbi ta sojan Amurka, wadda aka kafa a 1956, ya daɗe da faɗin haka: a yarda da rawar hannun, a ci gaba da matsa kunama a hankali har harsashi ya tashi. Hannu ya fi natsuwa a 'yan daƙiƙun farko, daga nan sai abin ya riƙa lalacewa. Mutuminmu zai riƙe numfashi daƙiƙa ashirin, fuska ta kumbura, kafaɗa ta hau kyarma, yatsa ya ƙi motsi kamar an ɗaure shi. Ga shi minti goma aka ba shi, yana da ikon sauke hannu ya huta ya sake ɗagawa, amma a wurinsa sauke hannu abin kunya ne.

Ƙaninsa shi ne mai fizga. Shi ma jira yake, sai dai da saitin ya gifta tsakiya sai ya finciki kunama kamar mai kama fara. In da hannun dama yake harbi, ramukansa duk suna taruwa ƙasa ta hagu, wajen ƙarfe bakwai in takardar agogo ce. Maganin da yake yi wa kansa shi ne ya ɗauko sukundireba ya karkata saitin bindigar zuwa sama ta dama. Ranar da Allah Ya ba shi sa'a ya matsa kunama daidai, sai harsashin ya tafi ƙarfe ɗaya.

Akwai kuma ɗan gaggawa, wanda harbin daƙiƙa goma ke tona wa asiri. Mai kula da layi zai yi kiran nan nasa da kowa ya haddace, na dama su shirya, na hagu su shirya, duk layi ya shirya, sai takardu su juyo su fuskanci mutane. Daƙiƙa goma ta ishi harbi biyar, kowanne daƙiƙa biyu. Ɗan gaggawa ya zazzage nasa cikin huɗu, ya sauke hannu, ya tsaya yana sauraron maƙwabta suna harbinsu ɗaya bayan ɗaya kamar masu daka a turmi.

Sarkin uzuri ya cancanci a ɗan zauna a kansa, domin wasan da kansa ya tanadar masa kalma. In bindiga ta cije ana tsakiyar harbi mai lokaci, ɗan wasa zai ɗaga hannu, alƙali ya zo ya duba, in ya tabbatar ba laifin mai ita ba ne sai a ba shi damar maimaitawa. Wannan dama sunanta alibai, kuma asalin ma'anar kalmar a kotu ita ce hujjar wanda ake tuhuma cewa ba ya wurin da aka yi ɓarna. Sunan ya dace. Sai dai rangwamen yana da ƙaya: cikin duk ramukan da ke takardar, goma mafi ƙarancin maki ake ƙirgawa. Sarkin uzuri bai damu da wannan ba, shi dai a san ba laifinsa ba ne. Yau iska ce, gobe hasken rana, jibi harsashin kamfanin kaza. Wani lokacin ma yana da gaskiya, don kwanson harsashi mai zafi na tashi daga bindigar na hagu ya faɗa wa mutum cikin wuyan riga, abin da ya sa ake kafa 'yar raga tsakanin maƙwabta. Tsofaffi in sun gaji da shi sai su ba shi labarin Karoly Takacs, sojan Hangari da gurneti ya lalata wa hannun dama a 1938. Ya koma koyo da hagu, ya ci zinare a harbin sauri na Olamfik a 1948, ya sake ci a 1952. Sarkin uzuri zai yi shiru, can ya ce ai su a zamaninsu harsashi ya fi kyau.

Mai noma gonar wani ba ya buƙatar dogon bayani. Takardu jere suke, kowacce da lambarta, shi kuwa ya zuba mafi kyawun harbinsa na ranar a takardar maƙwabci. Shi an rubuta masa sifiri, maƙwabcin kuma an bar shi da rami goma sha ɗaya da ciwon kai.

Wajen ƙirga maki lauya ke fitowa. A wannan wasa ba ka ƙirga naka, na kusa da kai ne ke duba takardarka ya rubuta, kai ma ka duba ta wani. Doka ta ce in rami ya taɓa layin da'ira, ko da gashin ido ne, maki na sama ake bayarwa. Shi ya sa masu .45 ke amfani da harsashi mai kafaɗa, wanda ke yanke takarda tsaf kamar almakashi. Lauya zai durƙusa gaban takarda, ya karkata kai, ya rantse takwas ɗin nan tara ce, har a kira alƙali da ma'auni. Duk wannan shari'a a kan maki ɗaya ne, alhali yana ajin farko, na waɗanda ba su kai kashi 85 cikin ɗari ba, kuma ajin ƙoli sai mai kashi 97.

Sai wani da ba a cika lura da shi ba. Bindigar aro ya zo da ita, tabarau na kare ido da abin toshe kunne ne kaɗai nasa. Ba ya taɓa bindiga in mutane na gaba wajen takardu, ba ya bari bakinta ya kalli ko'ina sai gaba, don haka mai kula da layi bai ma san sunansa ba. A gida yakan tabbatar bindigar ba harsashi, ya tsaya gaban farin bango yana matsa kunama yana kallon ko saitin ya motsa, minti goma sha biyar kullum, iyalinsa na leƙe suna mamakin abin da bangon ya yi masa. Makinsa na farko bai fi na mai akwati ba. Bayan shekara biyu ko uku irinsa ake gani a watan Yuli a Camp Perry, bakin tafkin Erie a jihar Ohio, inda ake gasar ƙasa tun 1907, yana tsaye cikin dogon layi iskar tafki na kaɗa masa hannu. Ba nisa da shi mai akwati ma ya zo, yana zagaya rumfunan 'yan kasuwa yana tambayar kuɗin wani sabon madubi mai jan ɗigo.