Ladubban Saukar da Kyanwar da Ba Ta da Ubangida

Malamanmu na fiƙihu, Allah ya saka musu da alheri, sun yi bayanin hukuncin ruwan rijiya da na tulu, sun warware mas'alar rancen hatsi da jinginar gona, amma duk da faɗin iliminsu ba su keɓe babi guda ba a kan abin da ya kamata magidanci ya yi idan ya wayi gari ya tarar da wata ramammiyar kyanwa, wadda ba wanda ya san asalinta, ta hakimce a gindin rumbunsa tana dubansa kamar shi ne baƙon. Tun da yake kuwa wannan al'amari ya zama ruwan dare a Yekuwa da ƙauyukanta, musamman bayan kaka, lokacin da rumbuna suka cika, ɓeraye suka yi ƙiba, labari kuma ya kai kunnen masu farautarsu, na ga ya wajaba a kaina in rubuta ƴan shawarwari domin amfanin jama'ar Magarya da Dungas baki ɗaya. Na haɗa yankunan biyu ne saboda ita kyanwa ba ta da labarin cewa an raba Dungas da Magarya a 2011, balle ta san da iyakar da Faransa da Ingila suka shata a kudancinmu; tana iya karya kumallo a Nijar ta yi ƙailula a Nijeriya, ba mai tambayarta takarda.

Asalin duk wata fitina da ke aukuwa tsakanin mutum da kyanwa shi ne zaton da mutum yake yi cewa shi ne ya ɗauke ta. Ka kawar da wannan zato daga zuciyarka tun da wuri. Mutanen Yekuwa dai, a cikin dukan talikai, bai kamata a koya musu yadda ake saukar da basaraken da mulki ya kuɓuce masa ba, domin masu tarihi sun tabbatar da cewa Sarkin Daura Abdu, wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Gwari, bayan da masu jihadi suka fitar da shi daga birninsa wajen 1805, ya sha yawo kafin ya zo ya zauna a wannan gari namu. To, kyanwar da ta sauka gidanka ita ma haka ta zo: an raba ta da gadon sarauta, amma ba a raba ta da jin sarauta ba. Saboda haka kada ka tunkare ta da gaggawa, kada ka ƙura mata ido, kada kuma ka bar yara su yi mata ƙawanya da kara. Ka sami kasko, ka zuba ruwa mai sanyi, ka ajiye shi nesa kaɗan, ka ja da baya ka shiga wata hidima. Za ka ga ta taso a hankali, ta sunsuni bakin kaskon, ta kewaye shi, sa'an nan ta juya masa baya ta zauna tana lasar dantsenta, alhali ƙishirwa na neman halaka ta. Ba za ta sa harshe ba sai ta tabbata ka kau da kai, don kada a ce an ga ranar da ta karɓi sadaka.

Da zarar ta sha ruwan nan, magana ta ƙare a wajenta, amma a wajenka yanzu ta fara, gama akwai uwargida. Za ta fito daga madafa da muciya a hannu ta ce, "Malam, wannan abar ba za ta kwana mini a gida ba. Dubi baƙinta, dubi idonta! Wa ya san ko ta mutanen ɓoye ce?" A nan ne za ka gyara zama a kan buzu, ka yi gyaran murya, ka kawo hujja. Ka faɗa mata cewa Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa yadda sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, ya kuma shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore mata najasa, ya lissafa ta cikin masu kai da kawo a tsakanin mutanen gida. Ka ƙara mata da cewa sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi, Abu Huraira, ya sami laƙabinsa ne saboda ƴar kyanwar da yake ɗauke da ita. Bayan ka gama wannan wa'azi, wanda ba shakka ingantacce ne, ka sani ba zai yi tasirin komai ba, domin za a amsa maka da cewa, "To, Malam, Allah ya ƙara sani, amma dai ba a ɗakina ba." Kada ka ja. Ka yi haƙuri har daren da za a ji kokawa a bayan buhun gyaɗa, da safe kuma a tarar da gawar ƙaton ɓeran nan da ya daɗe yana yi wa uwargida ɓarna an shimfiɗe ta a ƙofar ɗaki. Daga ranar za a raɗa wa baƙuwa suna, za a keɓe mata kasko, kuma kai da ka yi mata lauya kai ne za a riƙa yi wa faɗa idan ka daka mata tsawa.

Game da abinci, ka san cewa Ubangiji ya halicce ta maciyar nama, kuma ba a taɓa jin wa'azin da ya mai da ita maciyar tuwo ba. In ta lashi miyar ta bar maka gayan, ba raini ba ne, ɗabi'a ce. Masana halittu sun gano cewa harshenta ba ya jin ɗanɗanon zaƙi ko kaɗan, don haka wanda ya miƙa mata rake ko alewa ya yi asarar kyautarsa. Madarar da aka tatso yanzu, wadda kowa yake zaton ita ce burinta a duniya, takan ɓata wa babbar kyanwa ciki; nono mai tsami kaɗan ya fi sauƙi a gare ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, ƙwayar farasitamol kuwa, wadda muke haɗiya kamar gyaɗa, guba ce mai kisa a gare ta, kada tausayi ya sa ka jiƙa mata. Abin da ya fi shi ne ka ƙulla zumunci da mahauci, ranar kasuwa ka roƙi ƴan tarkacen da ba sa shiga ma'auni, ko ka sayi kan busasshen kifi na ƴan daloli. In an tambaye ka na wane ne, ka ce na baƙo ne, ba ka kuwa yi ƙarya ba.

Kada kuma ka ɗauka ka sami ma'aikaciya. Kakanninta kyanwowin daji ne da suka matso kusa da rumbunan manoman farko don kansu, ba da gayyatar kowa ba, har ma a tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 da aka binne mutum da kyanwa a kusa da juna. A tsawon wannan zamani duka ba a sami shaidar cewa ta taɓa sa hannu a wata yarjejeniya ba. Takan yi barcin sa'a 12 zuwa 16 a yini, ta kama ɓera ranar da ta ga dama, ranar da ba ta ga dama ba kuwa sai ta zama kyanwar Lami, ɓera ya ratsa ta gaban hancinta ta bi shi da ido kawai. Wani lokaci himmar kan tashi ta inda ba a so, sai maƙwabci ya yi sallama da gashin ɗan tsako a tafin hannunsa. Ina yi maka gargaɗi, kada ka ce masa zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, domin ko da yake maganar gaskiya ce, ba a taɓa kashe wata shari'a da ita ba. Ka ba shi haƙuri, ka biya, ka kuma taya shi gyara akurki.

Mai karatu zai ce, to in haka ne mene ne ribar? Ribar ba ta bayyana sai rani ya tsaya, an gama sussuka, samari sun ɗaure jaka sun tafi cin rani, wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas, wasu har Aljeriya da Libiya, gida ya yi tsit, ba ka jin komai sai iskar hunturu tana kaɗa dangar kara. A irin wannan dare, bayan an idar da lisha, dattijo yana zaune shi kaɗai a zaure da carbi, ko tsohuwa tana gefen murhu tana jiran wayar da ba ta shigo ba, sai ka ga baiwar Allah ta shigo ba sallama, ta goga kumatunta a ƙafarsa, ta taka gefen bargo sau biyu sau uku tana gwada laushinsa, sa'an nan ta naɗe ta kwanta daidai inda sanyi ya fi cizo, ta kama wannan gurnani nata na jin daɗi wanda wasu tsofaffi ke cewa tasbihi ne. Ni ban isa in yi fatawa a kan haka ba, amma na san mai sauraronsa yakan manta da lissafin bashin taki na ɗan lokaci. Kuma a cikin dukan abokan hira da Allah ya halitta, ban ga wanda ya kai ta cika sharuɗɗan amana ba: za ka faɗa mata abin da ke tsakaninka da surukinka, da abin da ka ɓoye a ƙarƙashin tukunya, da ra'ayinka na gaskiya game da masu neman kujerar magajin gari, gobe kuma ba za ka ji shi a fadar masu shayi ba. Ba ta neman rance, ba ta tambayar yaushe za ka ƙara aure, ba ta kawo maka labarin wanda ya fi ka samun damina. Iyakar ladan da take nema a sosa mata ƙarƙashin haɓa, in ta ƙoshi da susar kuma za ta sanar da kai da haƙori.

Manya ma sun san wannan. Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, mayaƙin da ya gagari Mongol da mayaƙan Turai, ya bar wata gona a Alƙahira wakafi domin ciyar da kyanwowin da ba su da masu su. Ibn Khallikan kuma ya kawo labarin malamin nahawu Ibn Babshaz, wanda yana cin abinci da abokansa a kan rufin masallaci sai wata kyanwa ta riƙa karɓar loma tana tafiya tana dawowa, da suka bi sawunta suka tarar wata makauniyar kyanwa take kai wa. Malamin ya ce wanda bai manta da wannan makauniya ba ba zai manta da shi ba, ya ajiye aikinsa na gyaran wasiƙun fada ya koma ibada. Ka ɗauki tausayin da ke cikin ƙissar, amma kada ka ajiye hauya da sunan tawakkali, kuma ka rage hawa rufi, domin shi malamin faɗowa ya yi daga saman masallacin ya rasu a 1077.

Sauran dabbobi ba zan tsawaita a kansu ba. Kare yana da amana, shari'a kuma ta yarda da shi don gadin garke da gona da farauta, sai dai muhallinsa waje ne. Tattabaru suna da daɗin kallo, amma ba a haɗa su gida ɗaya da wadda muke magana a kanta sai in an yi nufin yi mata walima. Aku yana hira, illa dai duk abin da ya ji sai ya maimaita a gaban baƙi. Ragon layya kuwa, kowa ya san abotarsa da yaran gida tana da wa'adi, ranar 10 ga Zulhajji take ƙarewa da kuka.

Akwai magana biyu da ba na raha ba. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, kuma idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai a tsira. Saboda haka ka nemi likitan dabbobi ya yi mata rigakafi, wanda kuma baƙuwar dabba ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka. Sa'an nan in tafiya ta kama ka, kada ka kulle ta a ɗaki ka sa makulli a aljihu, gama Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ka bar mata kafa a danga, ka damƙa amanar kaskon ruwa ga wani yaro mai hankali.

Wata rana za ka lura baƙuwarka ta yi nauyi, ka yi murna kana cewa kan kifi ya karɓe ta. Ba kifi ba ne, aikin wani muzuru ne da ke tsallako katanga da tsakar dare. Cikinta wata biyu ne da ƴan kwanaki, kuma za ta zaɓi wurin haihuwa da kanta, galibi cikin adakar da ka ajiye babbar rigar Salla. In ƴaƴan sun kai wata biyu sun fara cin abinci, sai ka ɗaura rawani ka bi gidajen ƴan'uwa da abokan arziki kana karanta musu hadisan da na ambata a sama, ka fara da wanda ya fi kuka da ɓera. Ni dai kada ka biyo ta gidana, domin buzun da nake zama a kai ma yanzu sai na nemi izini.