Kowa da Irin Kallonsa a Gaɓar Hermanus

A garin Hermanus na Afirka ta Kudu, tafiyar kusan kilomita 120 daga Kef Tawun, akwai wata siririyar hanyar ƙafa da ke bin goshin duwatsun bakin teku, tun daga sabuwar tashar jiragen ruwa har rairayin Grotto, tsawon kilomita 12 ko kusa da haka. Ba a biyan ko sisi. Daga watan Yuni zuwa Nuwamba, manyan halittun nan da ake kira wel sukan baro ruwan sanyi na wajen Antatika su shigo mashigin Walker domin haihuwa da reno, su matso gaɓa har mutum yana tsaye a kan dutse ya ji hucinsu. Su ake zuwa gani. Sai dai wel ba ya fitowa don an zo, kafin ya ga dama kuwa kallo kan koma kan 'yan kallon.

Wanda za ka fara cin karo da shi Mai Agogo ne. Motar 'yan yawon buɗe ido ta sauke shi, an ba shi awa guda. Yana isa sai ya dubi teku, ya dubi agogo, ya sake duban teku kamar mai bin ta bashi. Garin yana da sankira tun 1992, aikinsa ya yi ta zagaye da allo rataye a wuya da ƙaho na busasshiyar ciyawar teku, in ya hango wel ya busa, salon busar kuma ya nuna wajen da aka gan shi. Shi Mai Agogo ke tarewa. "Malam, wai ƙarfe nawa suke fitowa ne?" In an ce masa sai dai ya jira, ya haɗe rai, ya ce shi fa kuɗi ya biya. Haka zai ƙare awarsa yana mita. Motarsu na karya kwana za a busa ƙaho.

Sai Mai "Ga shi can!" Wannan Allah ya ba shi murya ya rage masa ido. Ruwan gaɓar cike yake da wata doguwar ciyawar teku mai ruwan ƙasa, kawunanta na leƙowa suna nutsewa da igiyar ruwa, shi kuwa kowane kai a wurinsa wel ne, kowane baƙin dutse ma haka. Zai nuna da yatsa ya kwarma ihu, jama'a su rugo a zuba ido, dutse ya ci gaba da zama dutse. Ko a jikinsa. "Ya nutse ne," in ji shi. Da yamma za ka ji shi a gidan shan shayi yana rantsuwa ya ga tara.

Malam Na-sani kuwa tun daga nesa ake gane shi: malafa, madubin hangen nesa a wuya, ɗan littafi a aljihu. Laifinka ɗaya, ka ce "kifi" a kusa da shi. Zai juyo a hankali, ya gyara murya, ya ce, "Ɗan'uwa, ba kifi ba ne." To ka shiga uku. Zai sanar da kai cewa da huhu yake numfashi, haihuwa yake yi, shayarwa yake yi, yadda ayu ke yi a kogin Binuwai. Zai ce irin wanda ke zuwa nan ba shi da fiffike a gadon baya, kuma hucinsa kan rabu biyu a sama saboda ƙofofin numfashinsa biyu ne a ka. Babba kan kai mita 15, nauyinsa ya haura tan 40, jariri ma ranar haihuwarsa ya wuce mita 4. Fararen ƙulle-ƙullen nan da ke kansa kowane da nasa tsari, da su masu bincike ke gane wance da wance a hotunan da ake ɗauka daga jirgin sama. Uwa kuma, watannin da take reno a nan kusan azumi take yi, kitsen da ta tara a can kudu shi ke riƙe ta da ɗanta. Abin da ke ba mutum haushi da Malam Na-sani shi ne duk maganarsa gaskiya ce, ba ka da bakin musu. Amma Allah ba ya barin wani don wani. Yana tsaka da bayani, ya juya wa teku baya, wata uwa za ta ɗaga jela ta maka a ruwa, kowa ya ce "kai!", shi kuwa ya waiwaya ya tarar da kumfa.

Masu gudun motsa jiki ba sai an daɗe a kansu ba, domin su ma ba sa daɗewa. Kunne a toshe, ido a ƙasa, ko wel zai fito ya yi musu sallama ba za su amsa ba. Haka mai waya, wadda ta yi tafiyar dubban kilomita ta zo ta kalli teku ta cikin gilashin da ta baro gida da shi.

Namu na gida ma akan gamu da su jefi-jefi. Alhaji ya tsaya, hannu a baya, ya daɗe yana auna wannan baƙin tsauni da ke juyi a ruwa, can sai ya sunkuya wajen uwargida. "Hajiya, wannan in aka yanka, ai unguwa guda sai ta yi wata tana ci." Ita kuma ta ja mayafi ta ce, "Alhaji, rufa mana asiri, mutane na ji." Kada dai a cika yi masa dariya, Turawa sun riga shi wannan lissafi. Tun ƙarshen ƙarni na 18 jiragen mafarauta na Amurka da Ingila da Faransa suke bin irin wannan wel a gaɓar kudancin Afirka, don ba shi da sauri, yana son kusa da tudu, in an kashe shi kuma gawar ba ta nutsewa, sai a narke kitsen a sami man fitila. Sai da suka kusa ƙarar da shi kafin a haramta farautarsa a 1935. Yau dokar ƙasar ta hana matsawa kusa da shi ƙasa da mita 300 in ba da izini ba. Alhaji dai da baki ya yanka, a nan kuma wuƙarsa ta tsaya.

Duwatsun hanyar cike suke da rema, sun baje suna shan hantsi, don haka ba a rasa Uwar Tausayi. Komai gargaɗin da aka yi mata, sai ta tsuguna da biskit a hannu tana "wayyo, yunwa yake ji." Reman da ya fi ta ƙiba. Ba ta san yana da haƙora biyu masu tsini ba sai ya haɗa da yatsa, daidai lokacin kuma Malam Na-sani zai ɓullo ya jajanta mata da labarin cewa rema dangin giwa ne.

Wanda na fi tausaya wa iyalinsa shi ne Mai Karatun Allo. Shi tarihi ya kawo shi, ba ya wuce rubutu. A tsohuwar tashar masunta, wadda yanzu gidan tarihi ce, zai zagaya tsofaffin kwale-kwalen da aka jere a gangare ɗaya bayan ɗaya. Zai gano cewa garin ya ci sunan Hermanus Pieters, wani malamin makaranta ɗan Holan da ke kawo tumakinsa kiwo bakin wani marmaro a nan, kuma asalin sunan Hermanuspietersfontein ne, aka datse shi a 1902 don ya yi wa gidan waya tsawo. Zai ja yara su ga tashar jirgin ƙasa da jirgi bai taɓa shiga ba, domin William Hoy, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta ƙasar a wancan zamani, yana son garin da shirunsa, ya hana a kawo dogo, kabarinsa ma yana kan tudun da ke tsakiyar gari. Yara na jan rigarsa, "Baba, ƙafarmu ta gaji," shi kuwa ya hango wani allon.

Akwai kuma Iya mai fulas, 'yar gari, zaune a benci ɗaya kullum da kofin shayi. Ba ta nuni, ba ta bayani, ba ta ɗaukar hoto, amma babu wel ɗin da zai huce a mashigin nan ba ta gan shi ba. In Allah ya kai ka Hermanus, ka nufi Satumba ko Oktoba, lokacin da suka fi yawa, ka riƙe rigar sanyi don iskar wurin ba ta da mutunci, ka gaishe da Iya ka zauna kusa da ita. In ka ji an ce "ga shi can!", kada ka tashi sai ka ga ta ajiye kofi.