Masu Latse-latse a Bakin Titi, Ku Matso Mu Yi Ta

Na san tun daga kanun nan wasu sun fara taɓe baki: "Ga malam ya sake zuwa da wa'azin waya." Ku sha kuruminku, ba ƙwace muku ita zan yi ba. Ni dai ƙafafunku nake tausayi.

Kai ɗan samari mai cewa "ai ni ido biyu gare ni, ɗaya a waya ɗaya a titi", sannu hawainiya! Zo mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka gama dariyar bidiyon TikTok na daƙiƙa uku, ta shafe mita 50. Motar da ka hango can nesa, yanzu ga ta a gabanka, direba yana ta salati.

Tsaya a titin Zariya a Kano lokacin tashi daga makaranta ka sha kallo. Yaro da jaka a baya, kai a sunkuye, babban yatsa yana ta aiki, kunnuwa a toshe da iyafis. Mai A Daidaita Sahu ya danna hon har ya gaji, ya taka burki, fasinjoji suka gwaru, ya leƙo: "Kai ɗan nan, kurma ne kai?" Yaron ya ɗago, ya galla masa harara, ya koma kan wayarsa. Wai shi aka ɓata wa rai!

Sai kuma ke Hajiya mai cewa "ai ajali ne, in kwana ya ƙare ko a gado ne sai a tafi". Gaskiya ne, Hajiya. Amma me ya sa kike kulle ƙofa da kwaɗo biyu in dare ya yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato sa'annin 'ya'yanki.

Alhaji, na ga kana gyaɗa kai kana cewa "faɗa musu, yaran zamani ba sa ji". Dakata tukuna. Wa na gani riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, waya maƙale tsakanin kafaɗa da kunne, ana cinikin buhun masara, yara uku a baya suna kallo? Hukumar nan dai ta ce direba mai amfani da waya ya ninka haɗarin yin karo kusan sau huɗu. A wurin wa kake zaton yaron ya ɗauki darasi?

Ba jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ko 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano ne za su yi mana tarbiyya ba. Ranar da ka je kasuwar waya ta Farm Centre ka sayo wa yaro waya, haɗa masa da sharaɗi: in zai tsallaka, waya ta koma aljihu, iyafis ya fita daga kunne, ya duba dama da hagu, in akwai gadar masu ƙafa ya hau ta. Ka raka shi bakin titi ka nuna masa, taka wayar ma tana aljihu.

Saƙon WhatsApp zai jira ku har ku tsallaka. Tirela kuwa ba ta jiran kowa, ko kun yarda da ni ko ba ku yarda ba.