Ranar da Injiniya Ya Yafe Wa Dillalai Bashi

A Makarfi akwai wani saurayi da ake kira Injiniya, ba don ya taɓa gina ko kwalbati ba, sai don shi ke buɗe wa dattawan unguwa waya idan sun manta lambar sirri. Gara in faɗa tun yanzu, ni ne shi. Amma abin da ya faru a wata kakar rake ya fi ƙarfin bakina ya ce "na yi", don haka ku bar ni in riƙa cewa "ya yi", kamar yadda mace ke kauce wa sunan ɗan fari.

Injiniya yana da kawu, babban dillalin rake. Wanda ya san ƙasar nan ya san da sanyi ya fara shigowa rake ke cika gari dami-dami, daga fadamun Makarfi da na Kudan, motoci na ta lodi zuwa Kano da Kaduna, wani kuma a matse shi a dafa mazarƙwaila. Cinikin kuwa rabinsa bashi ne, a ɗauki kaya yau a kawo kuɗi kasuwa mai zuwa. Duk wannan lissafi Kawu na ajiye shi cikin wani dogon littafi mai baƙin bango, da ajami, a rubutun da ba mai iya karantawa sai shi. Littafin nan ne ya tsole wa Injiniya ido. Ya ce zamani ya wuce wurin, zai yi wa Kawu shafin intanet inda kowane dillali zai sa lambar wayarsa ya ga nawa ake bin sa.

A lokacin iyakar iliminsa HTML ne, wato yaren da ake tsara fuskar shafi da shi. Ya yi shafi kore shar, da hoton rake da sunan Kawu da manyan baƙaƙe. Sai dai shafin ba ya motsi, abin da aka rubuta shi kowa zai gani har abada, kamar allon shago. Wani abokinsa da ke karatun kwamfuta a Samaru ne ya warware masa, suna zaune a teburin mai shayi a Tashar Yari. Ya ce shafinka burodin nan ne, an riga an gasa, kowa iri ɗaya zai samu. Abin da kake nema shi ne mai shayin, wanda zai ji buƙatar kowa, wannan da madara, wancan ba sukari, ya haɗa a take ya miƙo. Mai shayin intanet ita ce uwar garke, kwamfutar da shafi ke zaune a kanta. Can ake gudanar da umarnin da ka rubuta, ta leƙa rumbun bayanai, ta haɗa shafi sabo fil ta turo wa waya. Mai waya kofi kawai yake gani, ba ya ganin tukunya.

Yaren da abokin ya zaɓa masa shi ne PHP. Wani Rasmus Lerdorf, haifaffen tsibirin Girinlan, shi ya fara haɗa shi a 1994 don kawai ya san masu leƙa takardar tarihin aikinsa da ya sa a intanet, ya sake shi ga jama'a a 1995. Wasu matasa biyu, Zeev Suraski da Andi Gutmans, suka sake masa gini, aka sami PHP 3 a 1998. Da shi Mark Zuckerberg ya rubuta Facebook a 2004, a kansa WordPress yake, a kansa Wikipedia take, har da ta Hausa. Tambarinsa giwa ce. Injiniya ya ji an ambaci Zuckerberg, daga nan bai ƙara jin sauran bayanin ba.

Ya saka XAMPP a tsohuwar kwamfutarsa ta hannu, wadda batirinta ba ya kai tsawon hudubar Juma'a idan an ɗauke wuta. Wannan manhaja tana mai da kwamfutarka ƙaramar uwar garke don gwaji. Darasin farko da ya koya shi ne kowane layin umarni sai an rufe shi da waƙafi mai ruwa. Ya manta guda ɗaya a layi na goma sha bakwai, shafi ya tsaya cak, saƙon kuskure kuma ya ce laifin na layi na goma sha takwas ne. Kwana biyu yana tuhumar layin da bai ci ba bai sha ba.

Ana cikin haka Kawu ya leƙo ta bayansa. A PHP duk sunan ma'ajin bayani da alamar dala yake farawa, don haka allon cike yake da $suna da $bashi da $dami. Kawu ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Kai ɗan nan, da dala za su biya?"

"A'a Kawu, alama ce kawai."

"To a bar ta. Alama mai kyau ce."

Ranar da shafin ya fara aiki, Injiniya ya kwafi adireshin da ke saman allo ya tura wa Kawu da dillalai shida ta WhatsApp, har da hoton wuta uku. Adireshin ya fara da localhost. Wannan kalma, da lambarta 127.0.0.1, ma'anarta "wannan na'urar da ke hannunka". Daidai yake da ka rubuta wasiƙa ka sa adireshi "gidanmu". Kowace waya ta duba cikinta ba ta ga komai ba. Wani dillali daga Ikara ya bugo yana tambaya ko sai an hau tudu ake samu. Sai da Injiniya ya sayar da buhun masara guda ya kama hayar wuri a wata uwar garke ta gaske kafin shafin ya fito duniya.

Nan aka shiga shigar da sunaye, nan kuma Hausa ta nuna wa na'ura ita ba baƙuwar kowa ba ce. Ɗanladi ya koma ?anladi, Ɗanjuma ya koma ?anjuma, kamar rumbun na tambayar asalinsu. Dalili, rumbun yana kan tsohon tsarin haruffa na latin1, wanda aka yi don harsunan Yammacin Turai, bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Maganin shi ne UTF-8, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka zana a 1992. Wannan bai ɗauki lokaci ba.

Wanda ya ɗauki lokaci shi ne Rabi'u. Duk sunan da aka sa yana shiga lafiya, da an rubuta Rabi'u sai shafi ya tarwatse. Aka gwada Sa'idu, haka. Isma'ila, haka. Shu'aibu, haka. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce lallai na'urar nan tana da basira, don cikin mutum huɗun nan uku ba sa biya a kan lokaci. Gaskiyar magana ta fi haka sauƙi, ta kuma fi ban tsoro. A yaren SQL da ake yi wa rumbu magana da shi, ɗan waƙafin sama da muke rubuta hamza da shi shi ne alamar buɗe zance da rufe shi. Rumbu ya karanta Rabi, ya ga alamar, ya ɗauka suna ya ƙare, sai ya ɗauki ragowar "u" a matsayin umarni, ya rasa gane ta. Ta wannan ƙofar ce ɓarayin intanet ke cusa nasu umarnin cikin akwatin suna su kwashe rumbu ko su share shi, kuma tun 1998 aka bayyana dabarar a rubuce. Mutanen Ailan masu suna O'Brien sun daɗe suna shan wannan wahala kafin ta iso kan Rabi'u. Gyaran shi ne a aika umarni daban, suna daban, yadda rumbu ba zai ruɗa su ba, abin da wani sashe na PHP mai suna PDO ke yi tun PHP 5.1 na 2005. A ganina duk mai koyar da wannan aiki a ƙasar Hausa ya ajiye misalan littattafan Turawa, ya ba ɗalibi sunan Rabi'u tun ranar farko.

Da Injiniya ya ga ya ci wannan yaƙi, sai kansa ya kumbura. Ya ƙara wani maɓalli kusa da kowane suna mai cewa "Ya biya", don Kawu ya riƙa dannawa da kansa. Ya rubuta umarnin da daddare, fitilar waya a baki, sauro na shagali a ƙafafunsa. Umarnin ya ce a mai da bashi sifili. Akwai wani yanki da ya kamata ya biyo baya, mai farawa da kalmar WHERE, wato "ina", wanda ke nuna wa rumbu layin wa za a taɓa. Barci ya ɗauke shi kafin ya kai wurin.

Washegari wani mutum ya kawo kuɗin dami ashirin. Kawu ya ƙirga, ya yi bisimilla, ya dangwala yatsa a kan maɓalli a karon farko a rayuwarsa. Rumbu bai yi gardama ba. An ce a mai da bashi sifili, ba a ce na wa ba, sai ya yi wa duk mutum arba'in da ukun da ke ciki adalci iri ɗaya.

Kafin la'asar an fara sallama. Na farko ya zo daga Hunkuyi a kan babur, ya durƙusa, ya ce Alhaji Allah ya saka da Aljanna, yadda ka rufa mana asiri Allah ya rufa naka. Kawu ya amsa da amin, yana zaton gaisuwa ce. Na biyu ya zo da zabi biyu. Na uku, daga Ikara, ya taho da ƙanensa don shi ma a sa shi a cikin na'ura. Sai da na huɗu ya miƙo waya, Kawu ya sa aka karanta masa abin da ke rubuce da koren launi: "Ba a bin ka ko kwabo."

Ban taɓa ganin Kawu ya yi irin shirun nan ba. Na ce "ban taɓa", don a nan kam ba inda zan ɓuya, ina tsaye a bakin zaure riƙe da caja. Ya dube ni, ya dubi zabin, ya tashi ya shiga ɗaki. Ya fito da littafin nan mai baƙin bango, ya kaɗe masa ƙura a gwiwa, ya lashi yatsa ya fara buɗewa.

Kwana uku Injiniya ya yi a kan babur ɗin aro, Ikara, Kudan, Hunkuyi, Tashar Yari, yana bi gida-gida yana bayanin cewa yafiyar ta na'ura ce, ba ta Alhaji ba. Wasu sun yi dariya sun biya. Wani dattijo a Kudan ya nuna masa hoton allon da jikansa ya ɗauka, ya ce shi dai ga shaidarsa a rubuce, kuma har ya yi sadaka da wani abu daga ciki don godiya ga Allah. Wannan Kawu ya bar masa, ya rubuta kuɗin a shafin ƙarshe na littafi, ƙarƙashin sunan Injiniya. Zabin an mayar wa mai su, ɗaya dai, don ɗayar ta riga ta shiga miya.

Shafin yana nan yana aiki, an gyara umarnin, kuma yanzu kowane dare ana kwafe rumbun a ajiye. Kawu ma yana danna maɓallinsa, amma sai ya fara rubutawa da ajami, ya busa tawada ta bushe, sannan ya ɗaga yatsa ya tsaya a sama, ya ƙwala kira cikin gida.

"Injiniya! Inar nan taka tana ciki?"

"Tana ciki, Kawu."

"Zo ka tsaya a nan dai."