Sannu da Ƙoƙari, Baƙo Mai Jari

Allah ya saka wa baƙo mai jari da alheri, bai taɓa barin dukiyarmu ta yi mana nauyi ba. Da ya ga kwal a Udi a 1909, don tsabar ƙauna ya shimfiɗa layin dogo daga Inugu har bakin teku, ya kafa Fatakwal domin kayan su samu hanyar fita. Da leburorin kwal na Iva Valley suka nemi haƙƙinsu ranar 18 ga Nuwamba 1949, ba a ja musu rai ba, nan take 'yan sanda suka biya mutum 21 da harsashi.

Sai Shell, gagara-badau, da ya tono mai a Oloibiri a 1956. Wa ya kai shi kyauta? A 2011 binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a rijiyoyin Ogale, ya ninka ƙa'ida sau 900. Mai a ƙasa, mai a rafi, mai har cikin randa! Masuntan Bodo kuma tun malalar mai ta 2008 aka hutar da su wahalar jefa taru.

Mu ma 'yan ci-rani a Fatakwal ba a manta da mu ba. Samarin da suka rasa kifi da aiki sun koma dafa ɗanyen mai a daji, a 2016 baƙar toka ta fara sauka a garin. Mai shayi ya goge teburinsa da asuba, kafin hantsi ya iya rubuta sunansa a kai da yatsa. Yaronsa na tari, amma ai an ce tattalin arziki na bunƙasa.

Ga sanin ya kamata wajen sallama: kamfanin taya na Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Shell ya sayar da rijiyoyinsa na tudu a 2025, ya bar mana sharar da aka ce kwashe ta zai iya cin shekara 30.

Shi kuwa Bahaushen da ke loda shanu a Potiskum ko albasa a Aliero ya nufi Anacha, wane shi da sunan mai zuba jari! Irin su baƙo aka riƙa yafe wa haraji na shekara uku zuwa biyar. Bahaushen nan, a kowane shinge sai ya miƙa na goro, shanu na galabaita a bayan tirela, albasa na ruɓewa cikin buhu.